Musayar waƙa: Perseus da mutum ɗaya da ya fito

Ɗan Fagge:
'Yan'uwa, yau kan jirgin ƙarƙashin teku za mu yi. Amsa-amo "ya" ne, wanda ya karya shi zai sayi shayi.

Perseus ya bar Malta, ya nufi Iskandariya,
Mutum 61 ya ɗauko, jirgin sojan Birtaniya,
6 ga Disamba, 1941, ya ci karo da nakiya,
Wadda Italiya ta dasa daura da tsibirin Girka, Kefaloniya,
Sittin suka tafi, aka bar mutum ɗaya.

Yaya Mai Tawada:
Ƙanena, ka yi sauri, tsaya ka ji yadda ta kaya.
John Capes ma'aikacin inji, fasinja a wannan tafiya,
Yana kwance can ƙurya, a ɗakin da ke baya,
Ya lalubo uku masu rauni, ya ba su kurɓin giya,
Ya ɗaura musu na'urar numfashi a wuya,
Ya buɗe wa ruwa ɗakin don murfin ƙofar tsira ya ba da hanya,
Ya tura su sama, shi ya biyo baya,
Ya taso cikin duhu, bai ga ko ɗaya.

Baba na Damagaram:
'Ya'yana, ku yi a hankali, zamaninsa ma an yi jayayya.
Sunansa babu a jerin ma'aikata, ina shaidar tafiya?
Ya ce zurfin ƙafa 270, wa ke fitowa nan da lafiya?

Yaya Mai Tawada:
Baba, Allah ya ja kwana, teku ta raba gardamar gaba ɗaya.
1997 Kostas Thoctarides, ɗan Girka gwanin ninƙaya,
Ya iske jirgin a mita 52, kusan ƙafa 170, murfi buɗe a baya,
Kwalbar giyar tana nan, ma'aunin zurfi ne ya yi ƙarya,
Allurarsa kan 270 ta tsaya.
Sai dai Capes tun 1985 ya bar duniya.

Ɗan Fagge:
Yaya, "gaba ɗaya" da "ninƙaya" dai kin sha da kyar, amma mun karɓa.

Baba na Damagaram:
To ni yabona na talakawan tsibiri ne, masu zuciya.
Masunta suka tsince shi, ƙarƙashin mulkin Italiya,
Wata 18 ana ɓoye shi gida-gida, ga yunwa, ga 'yan mamaya,
An rine gashinsa baƙi don ya saje da jama'ar ƙarya... a'a, ta karkara, na karya, shayi na kaina!
1943 ƙaramin jirgi ya tsallakar da shi Turkiyya.