Makunnin wuta mai aiki da waya: abin da masu lantarki suka ce a Damagaram

An tattauna batun makunnan nan da ake kunna fitila da su ta wayar salula, waɗanda ƴan kasuwa ke shigowa da su. Masu aikin lantarki sun fi nanata abu ɗaya: a karanta bayan makunnin kafin a biya kuɗi. Wutar NIGELEC, kamfanin lantarki na Nijar, volt 220 ce, 50 Hz. Makunnin da aka ƙera don Amurka na volt 120 ne, ana jona shi zai ƙone.

Inda aka daɗe ana ja-in-ja shi ne wayar nutar, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, wadda galibi shuɗiya ce. Yawancin makunnan suna buƙatarta, amma a gidajenmu da dama, musamman tsofaffin gine-ginen Birni da Zango, wayoyi biyu kacal za ka tarar a ramin bango, babu ita. Wasu suka ce a ɗauko daga wayar ƙasa. Wani dattijon ma'aikaci ya ce kul, hakan na iya sa jikin firji ya riƙa jan mutum. Ni ma da shi nake: ko a ja sabuwar waya, ko a nemi samfurin da ba ya buƙatarta.

Sauran shawarwarin ba a yi gardama ba. A kashe babban makunnin gida kafin a taɓa komai, a gwada da abin gwaji. Kada a ɗora wa makunnin mai aiki da wayar salula famfon ruwa ko na'urar sanyaya ɗaki, na fitila ne. Kuma tunda wuta kan dawo da ƙarfi bayan an ɗauke, a sa na'urar kariya kusa da mita.