Matsin shiƙa da matsin ninki

Jiya a wani shagon buga katin biki wajen Ƙofar Ƙaura, wata Hajiya ta turo tambarin sana'arta ta WhatsApp. Da aka buga sai gefen haruffan ya fito dishi-dishi kamar ƙura ta lafe masa. Yaron shagon ya ce, "Hajiya, ai losi ne." Ta ce, "Ɗana, wane ne kuma Losi?" Abin da ya sa na buɗe zaren nan ke nan, don mu samo wa losi ("lossy" a Turance) da kishiyarsa suna da Hausa.

Hoto in ya yi nauyi matse shi ake yi, kuma matsin iri biyu ne. Na farko shi ne losi, kamar nau'in fayil ɗin hoto na JPEG: JPEG, wanda ya fito a 1992, yana watsar da ƙananan bambance-bambancen launi da ido ba ya kamawa, abin da ya watsar kuwa ya tafi ke nan. Ka gyara ka sake adanawa, ya ƙara watsar da wani. Na biyu kuwa kamar nau'in PNG na 1996 ne, ko ɗigo ba ya yarwa, har yana iya barin bayan hoto fayau, shi ya sa ya fi dacewa da tambari da rubutu.

Sunan matsin PNG da Hausa bai ba ni wahala ba: matsin ninki. Babbar riga ce aka ninke aka sa a akwati, ranar hawan Sallah ka warware ta, aikinta na nan yadda yake.

Na JPEG ne ya ja gardama. Wani malami ya ce a kira shi "mai asara". Allah gafarta Malam, faɗa wa mai ciniki hotonsa mai asara ne ka ga ko zai biya. Kuma ba gaskiya ba ne a ko'ina; hoton Hasumiyar Gobarau a JPEG tsaf yake fitowa, a PNG kuwa sai ya cinye maka data a banza.

Ni da na ce matsin tankaɗe. Sai yayata ta rubuto: "Kai, wa ya ce maka ana zubar da tsaki? Fate muke yi da shi." Gaskiyarki, Yaya, na janye. Ita ta kawo shiƙa: ƙaiƙayi ya bi iska, gero ya rage, ba mai komawa ya tattaro shi.

To mun tsaya a nan: matsin shiƙa, matsin ninki. Nau'in WebP da Google ya fitar a 2010 yana yin duka biyun, sai ka duba wanda aka zaɓa masa.

Hajiya dai an ce ta koma wurin wanda ya zana tambarin ta karɓo na ninki, ta turo shi a matsayin fayil, ba hoto ba.