Zaɓen mararraba mai lanƙwasa don ƙaramin layin dogo na HO

Sabon shiga:

Assalamu alaikum. Ina gina ƙaramin layin dogo na kwaikwayo a ma'aunin HO, wato kashi ɗaya cikin 87 na girman jirgin gaske, a kan tebur mai tsawon santimita 240 da faɗin 120, layin kuma zagaye ne mai kwana biyu. Ina son tashar ta kasance da layi na biyu inda jirgi ɗaya zai tsaya ɗayan ya wuce, amma da na auna sai na ga miƙaƙƙen ɓangaren da ya rage bai kai santimita 135 ba. Taragon fasinja guda ya kai santimita 30, don haka kan jirgi da taragai huɗu ba za su shiga ba idan na sa miƙaƙƙiyar mararraba, wato guntun layin da ke raba hanya gida biyu, a kowane gefe. An ce mini mararraba mai lanƙwasa za ta ba ni damar fara layi na biyun tun daga cikin kwana. Wace iri ya kamata in nema, kuma gaskiya ne jirage sun fi gocewa a kanta?

Tsohon hannu:

Wa'alaikumus salam, Malam. Shawarar da aka ba ka daidai ce, domin irin wannan ƙuncin wuri aka yi ta. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne tana da rediyos biyu, wato nisan da ke tsakanin tsakiyar da'irar kwana da layin, na layin waje da na layin ciki, kuma na cikin shi ne zai yanke hukuncin abin da zai iya bi ta kanta. Mutane da yawa babban adadin da ke jikin kwali suke dubawa su saya, sai sun shimfiɗa su tarar dogon tarago yana gurzar gefe a layin ciki.

Mai lanƙwasa ta kamfanin Peco, samfurin Streamline, tana da rediyos na milimita 1524 a waje da 762 a ciki. Tana da kyan gani, jirgi kuma yana bin ta a natse, amma a tebur mai faɗin santimita 120 rediyos ɗin kwanarka ba zai wuce milimita 550 ba, saboda haka ba za ta zauna a tsakiyar kwana ba, sai dai a bakinta, inda layi yake fara miƙewa. A can kuwa tana da amfani ƙwarai, domin tana sassauta shigar jirgi cikin kwana. Waɗanda aka yi wa ƙananan tebura su ne irin na Hornby da Peco Setrack, da aka tsara su bisa rediyos na milimita 438, da kuma na Roco Line masu haɗa kwanar 358 da ta 420. A ganina, da taragai masu santimita 30, kada ka sauka ƙasa da 438. Za su iya wucewa a 358, amma tsakiyarsu tana ratayowa ciki, ƙarshensu yana fita waje, har su kusa taɓa jirgin da ke layin kusa.

Kafin ka kashe ko sisi, buga hoton mararrabar a takarda da ainihin girmanta, Peco ma suna bayar da irin wannan a shafinsu, ka shimfiɗa a tebur ka ɗora tarago mafi tsawo a kai. Mararrabar ba cikakken yankin da'ira ba ce, kuma tilasta mata ta dace da kwanar da aka riga aka kafa shi ke haifar da karyewa a mahaɗa.

Mai gyaran injuna:

Na yarda da abin da babban yaya ya faɗa, sai dai game da gocewa ina ganin ana ɗora wa mararrabar laifin da ba nata ba ne. Na taɓa kwashe mako ina goge harsunan wata mararraba da na saya, wato ƙarafa masu motsi da ke sauya wa jirgi hanya, ashe tazarar da ke tsakanin ƙafar hagu da ta dama ce ta matse a taragai biyu. A HO ana son ta kasance kusan milimita 14.5, kuma ma'aunin NMRA, ƙungiyar masu ƙananan layukan dogo ta Amurka, yana nuna wannan nan take. Da na gyara ƙafafun, ko sau ɗaya ba su sake sauka ba. Mai lanƙwasa ba ta yafe irin wannan kuskure, domin kwana tana tura leɓen ƙafa zuwa ƙarfen waje daidai lokacin da zai tsallake giɓin da ke zuciyar mararraba, wato inda ƙarafa biyu suke gittawa.

Wannan zuciyar ta fi ta miƙaƙƙiya tsawo, kuma nan ne maganar wuta take shigowa. Idan ta roba ce, gajeren kan jirgi mai ƙafa huɗu yana iya tsayawa a kanta idan yana tafiya a hankali, a tsarin DCC kuwa, wato sarrafa jirage ta hanyar dijital, sautin jirgin ma yakan yanke. Ni dai zan zaɓi mai zuciyar ƙarfe, in haɗa mata waya da makunnin da ke sauya wutarta duk lokacin da aka juya harsuna. Sannan a shimfiɗa ta a wurin da ba tudu ba kwari, ba a farkon hawa ko gangara ba, kuma inda hannu zai kai.

Sabon shiga:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura abu biyu: yaya ake gane ta hagu da ta dama, tunda duka layukan gefe ɗaya suke karkata? Kuma layina kod 100 ne, zan iya haɗa shi da kod 83?

Tsohon hannu:

Ka tsaya ta bakin harsuna ka dubi inda layukan suke rabuwa. Idan duka biyun hagu suka karkata, ta hagu ce a wurin yawancin masu ƙerawa, amma ka tabbatar da hoton kafin ka biya. Tasharka za ta buƙaci ɗaya ta hagu da ɗaya ta dama. Kod lamba ce ta tsayin ƙarfen layi: kod 100 tsayin ƙarfensa kusan milimita 2.5 ne, kod 83 kuwa 2.1, kuma ana haɗa su da mahaɗi na musamman da ke daidaita samansu. Sai dai ka yi haɗin a miƙaƙƙen wuri, nesa da mararrabar da aƙalla tsawon tarago guda.