Neman Sunan Hausa ga Gasket da Sil: Shawarata Gammo da Matari

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne yoyon baƙin mai da ya addabi tsohuwar Fijo 504 da na gada daga mahaifina, ɗaya daga cikin irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. Kowace safiya sai in tarar da ɗigon mai a kan kwalin da na shimfiɗa a ƙarƙashinta. Da na kai ta gareji, bakaniken ya ce: "Alhaji, ko dai gasket ne ko kuma sil." Na gyaɗa kai kamar na gane, alhali ban san bambancinsu ba, kuma na tabbata masu mota da yawa haka suke.

Bambancin kuwa babba ne, domin shi ke yanke yawan kuɗin aikin. Gasket shimfiɗa ce ta roba ko takarda mai kauri da ake sa wa tsakanin ƙarafa biyu da ba sa motsi, kamar murfin saman inji da kan injin, ko kaskon mai da gindinsa, a ɗaure da noti har ta matsu. Sil kuma zobe ne na roba mai leɓe, da siririn sifirin a cikinsa, wanda ke rungume ƙarfen da ke juyawa, kamar karanshaf. Idan na bayan karanshaf ya mutu, sai an sauke giyabos kafin a kai gare shi, kuma man yana iya jiƙa kuloci.

Ga gasket, wani malamin makaranta abokina ya kawo "maliƙi", yana tuna yadda iyayenmu mata ke naɗa jiƙaƙƙen tsumma a mahaɗar tukunya da madambaci don kada tururi ya tsere. Misalin ya burge ni ƙwarai, amma a gareji duk wanda ya ji liƙi gam zai ɗauko, kuma yawan shafa gam a inda ya kamata a sa sabon gasket yana cikin abubuwan da ke kashe tsofaffin injuna, saboda ɓarɓashinsa kan faɗa cikin kasko ya toshe rariyar famfon mai. Don haka na fi son "gammo". Gammo yana zama tsakanin abubuwa biyu masu tauri, aikinsa yana fitowa ne idan an danne shi, kuma idan ya daɗe yana shan nauyi sai ya lafe ya daina amfani, wanda shi ne ainihin abin da zafi da shekaru ke yi wa gasket. Sai mu ce gammon murfi, gammon kasko, gammon kan inji.

Ga sil, na fara tunanin "zoben mai", sai na tuna cewa fistin ma yana da ringin da ke share mai, kuma ruɗani zai shigo. Na tsaya a kan "matari", a bisa ƙirar mabuɗi da matoshi, tunda tare mai ne aikinsa: matarin gaba da matarin baya.

Na gwada kalmomin a bakin aiki. Mun wanke injin tas, ya bushe, muka barbaɗa hoda a jikinsa, muka tayar da shi, sannan muka bi sawun man daga sama zuwa ƙasa, domin mai gangarowa yake yi, iska kuma tana kora shi baya, har mutum ya zargi wurin da ba shi da laifi. Sawun ya kai mu gammon murfi, wanda aka taɓa ɗaurewa fiye da kima har bakin murfin ya lanƙwashe, man yana ɗiga a kan bututun salansa yana ƙauri. Mun kuma tarar da bututun numfashin inji ya toshe, abin da ke tara iska a ciki ta turo mai ta kowace kafa. Da na ce wa yaron gareji ya je Ƙofar Ruwa ya sayo gammon murfi, ya ɗan yi jim, sannan ya gane ba tare da an ƙara masa bayani ba.

Ina roƙon 'yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, inda ake kiran duka biyun da "juwan" daga Faransanci, su gwada waɗannan sunaye biyu a garejinsu, su faɗa mana ko sun zauna a baki.