Yarinyar da ta kama min hannu cikin tram a Istanbul

Ta Bagalam:
Salamu alaikum 'yan uwa. Watan jiya na tahi Istanbul sarin kaya, masaukina a Laleli, kullum sai na hau tram ɗin nan T1, wato jirgin ƙasa na cikin gari, zuwa Eminönü. Ran nan ya cika maƙil ina tsaye riƙe da ƙarhe, sai wata 'yar yarinya da ba ta wuce shekara 5 ba ta kahe hannuna da ido, ashe lallen da aka yi min nan Maradi kahin in taso take kallo. Ta sa ɗan yatsanta tana gogawa a hankali ta ga ko zai hita, uwar ta ce mata "kına", sai na gane su ma suna da lallensu. Ni ko merhaba, wato gaisuwarsu, kaɗai na iya, sai na kama yatsunta ina ƙirga ɗaya biyu uku tana maimaitawa tana ƙyalƙyala dariya, ita ma ta koya min bir iki üç. Da za su sauka Sultanahmet ta sumbaci hannuna ta ɗora a goshinta, wallahi sai da idona ya kawo ruwa don autata na tuna. Tambayata, ina da dakkuwa da aya cikin jaka na so in ba ta amma na ji tsoro, laihi ne a can? Bayan Sallah zan koma in sha Allah.

Ɗan Zariya:
Hajiya wannan sumbar hannu da ɗorawa a goshi girmamawa ce da yaransu ke yi wa manya, musamman ran Sallah, ta ɗauke ki uwa kenan. In kin koma za ki ji suna ce miki teyze, wato inna. Maganar abinci kam gara da kika dakata, ki nuna wa uwar tukuna ta amsa da kai, dakkuwa akwai gyaɗa ciki kuma akwai yaran da gyaɗa ke tada musu ciwo mai tsanani har lumfashi ya sarƙe. Hoto ma kar ki ɗauka sai sun yarda.

Mai shago Sabon Gari:
Ni a Guangzhou ta ƙasar China abin ya same ni, cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa wato metro layi na 5 zan sauka Xiaobei, wani yaro ya shafa min hannu ya duba tahinsa ya ga ko baƙin ya biyo shi. Gaskiya da fari raina ya sosu, kakarsa kuma duk kunya ta kama ta tana ta jan shi baya. Sai na tuna yadda yaranmu ke bin anasara a kasuwa suna kallo, na cire hulata na ɗora mishi, ta ruhe mishi ido gaba ɗaya, duk mutanen wurin suka yi dariya. Tasha huɗu muka yi yana sanye da ita, da ƙyar ya maido.

Ta Bagalam:
Na gode ƙwarai ɗan uwa, gyaɗar nan ko kaɗan ba ta zo min a rai ba, Allah ya tsare. Wannan karon dabino zan riƙe, in miƙa wa uwar. Kuma lallen sai an yi min mai kyau kahin in tashi.