Ana so a mayar da ni sashen ɗawari (gaggawa) a Jidda, in karɓa?

Maman Sudais, Jidda

Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'aikatan jinya. Ina aiki a wani asibiti a nan Jidda, ɗakin kwanciyar mata, yawancinsu masu ciwon suga ne da hawan jini da ƙoda. Shugabarmu ta kira ni ta ce hannu ya yi ƙaranci a ɗawari, tana so in koma can kafin azumi. Ba ta tilasta ba, ta ce in je in yi shawara. Rabona da sashen gaggawa tun ina ɗaliba a Kano.

A inda nake na san marasa lafiyata ɗaya bayan ɗaya, na san tsohuwar da ba ta haɗiye ƙwaya sai an zauna an lallaɓa ta. Larabcina na aiki ne kawai, idan gardama ta kaure sai ya tsere mini. Ga yara ƙanana a gida. Shin sai na sake wata jarrabawa a SCFHS, hukumar da ke ba ma'aikatan lafiya lasisi a Saudiyya? Kuma waɗanda suka yi aikin, don Allah ku gaya mini tsakani da Allah yadda yake.

Anti Nas, Makka

Wa alaikumus salam ƙanwata. Batun lasisi ki kwantar da hankalinki. Tunda kin wuce tantance takardu na DataFlow da jarrabawar Prometric kin samu rajista, canza sashe ba ya buƙatar sabuwar jarrabawa. Ki shiga Mumaris Plus, shafin hukumar na intanet, ki duba ranar ƙarewar rajistarki, ki tabbata takardarki ta BLS, wato horon farko na ceton rai, ba ta mutu ba, sannan ki nemi su tura ki kwas ɗin ACLS na farfaɗo da zuciya, da PALS, irinsa na yara, idan kuna karɓar yara.

Aikin kansa a teburin tantancewa yake, wanda a nan ake kira farz. Mu tsarin Kanada muke bi, CTAS, mai mataki 5. Mataki na 1 shi ne irin wanda numfashi ko zuciya ta tsaya, ba ya jiran komai. Na 2 ana so likita ya gan shi cikin minti 15, na 3 minti 30, na 4 awa ɗaya, na 5 awa biyu. Haddace wannan aikin yini guda ne. Wahalar ita ce ke kaɗai ce a gaban mutumin, cikin ɗan lokaci za ki yanke inda ya dace da shi, kuma mai ihu sau da yawa ba shi ne ya fi kusa da halaka ba. Ni wanda ya yi shiru a kujerar baya yana haɗa gumi mai sanyi shi nake fara zuwa wajensa. Duk wanda ya ce ƙirjinsa, a ɗauki ECG, wato awon bugun zuciya, cikin minti 10. Mace mai suga kuwa ciwon zuciya kan zo mata da kasala da tashin zuciya kawai, kuma wannan ke kin riga kin sani daga ɗakinku, don haka kada ki ɗauka hannu rabbana za ki shiga.

Abin da ya sa nake so ki karɓa shi ne mutanenmu. Lokacin Umara da Hajji za a kawo miki dattijo daga Katsina ko Maraɗi, ba Larabci ba Turanci, ɗan rakiyarsa ya ɓace a cunkoso. Ki tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi alhamdulillahi, alhali awo yana nuna miki akasin haka. Dattawanmu suna da dauriya da kunya, musamman a gaban mace ƙaramar yarinya. Sai kin gaishe shi yadda ya kamata, kin ce Baba sannu da ibada, sannan zai gaya miki ya daina shan maganin hawan jininsa tun da ya baro gida don kada fitsari ya riƙa karya masa alwala. Abokan aikinmu 'yan Filifin da Indiya ƙwararru ne, amma wannan maganar ba za ta fito musu ba.

A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, kuma ma'aikatar lafiya ta sanar da rasuwar mutum 1,301, kashi 83 cikin 100 ba su da izinin aikin Hajji, sun yi doguwar tafiya a rana ba inuwa. Wanda rana ta buga, zafin jikinsa ya haura 40 kuma hankalinsa ya gushe, ba Panadol ke sauke shi ba. Sanyaya shi ake yi nan take da ruwa da fanka da ƙanƙara, kowane minti da aka ɓata ƙoda da ƙwaƙwalwa ne ke biya. Jidda ƙofar alhazai ce, za ki gan su.

Abu Haidar, Riyad

Anti ta faɗi gaskiya, amma bari in kawo ɗaya ɓangaren, don ni na yi na bari. Awa 12 a ɗawari ba ɗaya take da awa 12 a ɗakin kwanciya ba. A azumi dab da magariba ake shigo da masu haɗarin mota, kowa na gudu ya sha ruwa a gida. Masu suga da suka faɗi suna zuwa da la'asar. Bayan tarawihi kuma wurin ya cika maƙil har sahur. Ga marasa lafiyar da aka riga aka ba gado a sama amma gadon bai samu ba, suna kwance a wajenki kina ba su magani kan lokaci, sababbi kuma na shigowa.

'Yan rakiya su ne za su gwada Larabcinki. Mutum ya ga an shigar da wanda ya zo bayansa, ba zai saurari zancen mataki ba. Ki koyi yadda za ki yi bayanin cikin jimla biyu, idan murya ta tashi ki kira mai gadi, kada ki tsaya musu.

Abin da ya kore ni shi ne ba ka ganin ƙarshen labari. Ka yi ta fama da mutum har zuciyarsa ta dawo, a wuce da shi sashen kulawa ta musamman, shi ke nan. Ke da kika saba zama da tsofaffinki, ki auna wannan da kyau 'yar'uwa. Idan za ki je, ki sa sharaɗi a haɗa ki da tsohuwar hannu na wasu makonni, kuma kada a ɗora ki kan farz ke kaɗai da wuri.

Ummu Rayyan, Shara Mansur

Ni ba nas ba ce, a nan Makka aka haife ni. Mahaifiyata bakinta ya karkace bayan sallar asuba, hannunta ɗaya ya saki. Muka yi ta tofi da shafa man habbatus sauda, sai bayan la'asar aka kira motar asibiti a 997. Sistar da ta karɓe mu Bahaushiya ce. Ta ja ni gefe ta ce maganin da ke narkar da gudan jinin a cikin awa huɗu da rabi ake ba da shi, ta ce addu'a a cikin mota ma ana yin ta. Inna ta rayu amma ba ta taka ƙafarta sai da sanda. Tun daga nan duk gidan biki ko suna da na shiga sai na faɗa wa mata wannan. A unguwarmu akwai masu jinkirta zuwa asibiti saboda tsoron maganar igama, wato takardar izinin zama, sai abu ya yi nisa. Idan suka ji akwai tasu a wurin, zuciyarsu takan ɗan kwanta. Allah ya zaɓa miki mafi alheri, Sista.

Maman Sudais, Jidda

Amin, Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Na gode ƙwarai Anti, na gode Malam Abu Haidar. Mun yi magana da baban Sudais, ya ce zai riƙa kai yara makaranta a satin da nake aikin dare. Ranar Lahadi zan koma wajen shugabarmu in ce na amince, bisa sharaɗin a tura ni ACLS tukuna kuma a haɗa ni da wadda zan bi. Anti, idan kina da takardar matakan CTAS ɗin da kuke amfani da ita, don Allah ki turo mini in fara dubawa.