Neman kalmar Hausa: me za mu kira wannan abin da ake zubawa a salak?

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masana Hausa ku matso, da gaske nake wannan tambayar.

Yayana yana da shagon tireda a bakin titi nan wajen Kura. Kwanaki ya shiga kasuwar Singa sari, wani dila ya haɗo shi da katan ɗaya na wasu kwalabe 'yan waje, a jiki an rubuta salad dressing. Kwalba 12, yau kwana tara ko ɗaya ba ta fita ba. Duk wadda ta ɗauka sai ta jujjuya ta ce Malam wannan kuma na mene ne, Yaya ya ce diresin ne, sai ta ajiye. To ai da gaskiyarta, mu nan diresin wankin ciwo ne a asibiti, wa zai ɗauki abu mai wannan suna ya zuba a abincin 'ya'yansa?

Kuma fa a yankin da ake noman salak ɗin kenan. Ruwan Tiga ke shayar da Kadawa da Kura da Garun Malam, da rani tumatir da albasa da salak har sai an rasa inda za a kai, a je Kwanar Gafan a gani. Ganyen namu ne, abin zubawar ne ba mu sa masa suna ba.

Ku duba wahalar da kwalbar nan ta sha kafin ta iso. An cika ta a wata ƙasa, an loda a kwantena, jirgin ruwa ya kawo Legas, kwastan sun karɓi kuɗin fito, mai shigo da ita ya yi rajista da NAFDAC don ta samu lamba, kuma da dala aka saye ta, tirela ta haɗo ta Kano ana addu'a kar ta fashe a hanya, ga zafi, ga ranar lalacewa tana matsowa kullum, kuma in an buɗe firij take so mu kuwa wuta sai a hankali. Duk an tsallake wannan, sai a takun ƙarshe cinikin ya tsaya saboda mai saye ba ta ji sunan da ta gane ba. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Na fara tambaya a gida. Ƙanwata ta ce min ai Bama ce. A'a, Bama sunan kamfani ne da ya bi bakin mutane kamar yadda kowane garin wanki ya zama Omo, kuma ita mayonis ce, mai da gwaiduwar ƙwai da ruwan kal, mai kauri. Ta shagon Yaya ruwa-ruwa ce, mai ya taso sama sai an girgiza, irin haɗin Faransa da ake sa mai kashi uku ruwan kal kashi ɗaya. Wani ya ce kirim. Shi ma iri ɗaya ne a cikinsu, wanda Heinz suka fito da shi a Ingila a 1914. Mu sunan da zai rufe dukkansu muke nema.

Miyar salak fa? Nan muka daɗe. Ni ban yarda ba, miya a wurinmu sai ta hau wuta, da tuwo ake cin ta, mace ta ji miya za ta ɗauka ɗumamawa ake yi. Man salak kuma ya rage masa daraja, ba mai kaɗai ba ne a ciki.

Inna ce ta warware, tana tsinkar zogale ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce wai ba abin da ake haɗa ganye da shi ba ne don ya ciyu? Na ce shi ne Inna. Ta ce to mahaɗi kenan, mu da muke daka ƙuli-ƙuli da yaji da gishiri mu zuba man gyaɗa a kwaɗon rama da zogale, me muke yi in ba shi ba?

Mahaɗin salak. Ni dai a nan na tsaya. Kalmar tamu ce tuntuni, ba ta buƙatar bayani, kuma tana karɓar ƙari: mahaɗin salak mai ƙwai, mai ruwan kal, mai nono, mai riɗi. Wannan na riɗin ma a Japan ake ji da shi sosai, kuma Japan tana cikin masu sayen riɗin Najeriya, irin wanda ake nomawa a Jigawa ake tarawa a Dawanau.

Malamin Hausa na makarantar garinmu ya ce shi mahaɗin kwaɗo ya fi masa, don salak ma aron kalma ce. Na ji hujjar Malam, amma mai jin kwaɗo ƙuli-ƙuli za ta nema a kwalbar ba za ta gani ba. In wani namu ya zuba haɗin ƙulin a kwalba ya fara sayarwa, wannan sunan nasa ne.

Yaya ya yanki kwali ya rubuta MAHAƊIN SALAK, A GIRGIZA KAFIN A ZUBA ya jingina da kwalaben. Mutanen Haɗeja da Kazaure da Ringim, ku a wajenku akwai wani sunan da ake kiransa?